Yadda Akawu Ya Koyi Riƙe Yatsa

A barandar da ke fuskantar ƙofar kotu akwai tebura biyu da suka yi kusan shekara arba'in suna maƙwabtaka. Na dama na Mai Agogo ne, da ɗan akwatinsa na gilashi cike da agogunan da masu su suka manta da su. Na hagu na Akawu ne, da tafireta mai ruwan toka wadda fentinta ya goge a daidai inda yake ɗora tafin hannu. Ba wani ofis da ya taɓa ɗaukar Akawu aikin akawu. Matarsa ce ta laƙaba masa sunan tun kafin su yi aure, sunan kuma ya bi shi har ya danne na ainihi.

Aikinsa buga wa mutane takardu: rantsuwar ɓatan kati, takardar koke, neman aiki, canjin suna. Shagunan kwamfuta da aka buɗe a layin sun janye masa mutane da yawa, amma bencinsa bai taɓa wuni babu kowa ba, domin masu zuwa wurinsa ba injin suke bi ba. Akawu ya san abin da ake rubutawa. Mutum zai zauna ya gyara murya ya fara cewa, to shi dai abin da ya faru shi ne, kafin ya sauke numfashi Akawu ya hango inda ya dosa, ya ƙarasa masa zancen da baki, yatsunsa kuwa sun riga sun kai layi na uku. Yawanci yana dacewa. Mai takarda ya karɓa ya karanta, ya jinjina kai ya ce kamar an shiga cikinsa an duba. Duk cikin yabon duniya wannan ne Akawu ya fi so.

Ya koyi bugu yana ɗan shekara goma sha tara a wurin wani tsohon ma'aikacin gidan waya, mutum mai ƙarancin magana da doguwar rula. Darasin tsohon ɗaya ne: a bugi harafi kamar an taɓa garwashi, a janye. Yatsan da ya daɗe a kan harafi shi ke sa ƙarafunan su sarƙe a tsakiya, sai an sa hannu an raba su, tawada ta ɓata takarda. Duk lokacin da yatsan Akawu ya yi nawa, rula ta sauka a bayan hannunsa. Cikin wata huɗu ya daina shan rula. Har yau ko ƙararrawar ƙofa zai danna, bugunta yake yi ya janye hannu kamar za ta cije shi.

Malama, matarsa, ita kaɗai ce a tarihin teburin ta taɓa sa shi buga takarda ɗaya sau uku. Lokacin tana sabuwar fitowa daga kwalejin horon malamai, ta zo a buga mata takardar neman koyarwa. Ta fara faɗa, ya ƙarasa mata, ya zare takarda ya miƙa yana jiran yabo. Ta karanta a tsaye har ƙasa, ta ajiye masa, ta ce takarda ta yi kyau ƙwarai, saura a nemo wadda ta faɗi waɗannan maganganu ta zo ta sa hannu, don ita dai ba ta faɗe su ba. Sai a bugu na uku ya yi shiru ya rubuta abin da ta ce kawai. Mai Agogo, wanda aka yi abin a kan idonsa, yakan ce daga ranar bai sake ganin Akawu ya bar wani ya kai aya ba.

Ta koyar da 'yan aji ɗaya shekara talatin da biyu kafin ta yi ritaya. 'Ya'yansu biyu. Babban yana aiki nesa, sai dai a gan shi a waya. Auta tana aiki a wani kantin magani a ɗaya gefen gari, tana da nata gidan da nata yaran, takan zo ranar Asabar. A gidan, Malama ce ke fara tashi ta haɗa shayi, ta ajiye wa Akawu nasa kusa da rediyo, ta ɗauki nata ta koma bakin taga inda tukwanen furanninta huɗu suke. Shekara talatin da takwas Akawu bai san inda ake ajiye matacin shayi ba.

Wata Laraba da hantsi, tana ba furannin ruwa, butar ta suɓuce daga hannunta na dama. Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ƙafa ta dawo cikin 'yan makonni, da taimakon sanda. Hannu ya dawo rabi da rabi. Magana ce ta tsaya. Tana jin komai, tana gane komai, idan mai karanta labarai a rediyo ya yi tuntuɓe girarta takan ɗaga kamar da. Amma kalma takan zo har bakinta ta tsaya a ƙofa.

Akawu ya sake tsarin rayuwarsa ba tare da ya shawarci kowa ba. Ƙanwarsa na zuwa ta zauna da Malama da safe, shi kuma ya rufe tafireta da azahar ya dawo. Ya gano inda matacin yake. Ya koyi haɗa shayi yadda ya san shayi, cokali biyu na sukari a kofinsa, biyu a nata. Takan sha rabi ta ture sauran, shi kuma ya ce ciwo ne ya rage mata cin abinci.

Kowace Talata suna zuwa sashen koyar da magana na asibiti. Likita ɗaya ce a sashen, mace mai haƙuri, gurbinta kaɗan ne, masu jira kuma suna da yawa. Ƙa'idarsu ita ce a duba kowa bayan wata uku. Wanda ya motsa a ci gaba da shi, wanda bai motsa ba a ba shi takardar atisayen gida, gurbinsa ya koma ga na gaba a layi. Malama ta je Talata goma sha biyu ba ta ce uffan ba. Takan zauna a miƙe, jaka a cinya, tana kallon katunan da likita ke ɗagawa, hoton kofi, hoton kujera, hoton kaza. Irin katunan da ita kanta ta shekara talatin tana ɗaga wa yara ne.

Ranar dubawa Akawu ya ce a gida tana magana. Likita ta tambaye shi me take cewa, ya lissafa mata: ruwa, taga, shayi, sanda. Auta, wadda ta ɗauki hutun rabin rana don ta raka su, ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta.

"Baba, ba ƙaryata ka nake yi ba," in ji likita. "Amma abin da na ji da kunnena kawai nake iya rubutawa. Ka ɗauko mini muryarta a waya, ko jimla ɗaya ce. Na ba ku mako biyu."

A barandar asibiti Auta ta riƙe hannunsa ta ce masa, cikin lallami, ita fa ba ta taɓa ji ba, wataƙila so ne ke sa yana jin abin da yake fata. Akawu ya zare hannunsa ya ce shi da ya shekara arba'in yana sauraron mutane ba yau za a koya masa ji ba. A cikin bas bai sake magana ba har suka sauka, abin da Auta ta ce ba ta taɓa gani ba tun da aka haife ta.

Wayar Akawu, babban ɗansa ne ya aiko masa da ita. Akawu yana sarrafa ta yadda yake sarrafa tafireta, da bugu, har ledar da ke kare gilashin ta tsage a wuri biyu. Manhajar ɗaukar murya tana can a ɓoye. Sai ya zaro wayar daga aljihu, ya buɗe ta da lambar sirri, ya share fuskar sau biyu zuwa hagu, ya buɗe wani ɗan akwati da aka tara ƙananan manhajoji a ciki, ya nemo ta a tsakaninsu, ya jira ta buɗe da jerin tsofaffin muryoyi, sannan ya bugi jan ɗigo. Maganar Malama kuwa ba ta sallama kafin ta zo. Kafin ya kai jan ɗigon ta riga ta wuce. A kwana huɗu ya tara ƙarar fanka, ƙarar cokali a kofi, da tsakinsa.

Ya gwada barin wayar tana ɗauka tun azahar, a kan tebur. Batir ya mutu kafin la'asar, wayar ta ce ta cika. Mafi muni, Malama ta ga abin. Ta kalli wayar, ta kalle shi, ta juya fuska ga taga, ba ta sake motsa leɓe ba ranar. Matar da ta saba ba da jarrabawa ba ta son a zaunar da ita a yi mata. Akawu ya gane dole wayar ta zauna a aljihu, ta fito kawai idan maganar ta taso.

Ranar Litinin ya kai kukansa baranda. Bai yi niyya ba, Mai Agogo ne ya lura ya sa takardar kabon ta yin kwafi a juye sau biyu, ya tambaye shi ko tsufa ne ya iso gaba ɗaya. Da ya ji labarin sai ya cire gilashin da yake maƙalawa a ido, ya ɗauko wani agogon awon gudu daga akwatinsa, ya ce Akawu ya mayar da waya aljihu ya yi yadda yake yi a gida. Akawu ya yi. Mai Agogo ya danna agogon ya duba.

"Sakan goma sha tara. Ai ko ni da nake da lafiya, in ka sa na jira sakan goma sha tara na manta abin da zan ce."

Ya ce akwai yanke. Shi ma wata mata ce da ta kawo gyara ta nuna masa bara. Waɗannan ƙananan hotunan manhajoji da ke fuskar waya, ba ƙofa ɗaya gare su ba. Idan an taɓa an saki, manhaja ta buɗe daga farko, a bi ɗaki-ɗaki. Idan an ɗora yatsa an riƙe, wani ɗan jeri zai ɓullo a gefe da ayyukan da aka fi yi da ita, a zaɓi wanda ake so kai tsaye. Ya nuna a tasa wayar. Ya riƙe hoton kyamara, jeri ya fito da ɗaukar bidiyo da ɗaukar hoton kai. Ya riƙe na agogo, ya fito da sa ƙararrawa. Ya ce ba kowace manhaja ke da shi ba, amma ta ɗaukar murya da ke wayar Akawu bari su gani. Ya riƙe, jeri ya fito, na farko a ciki sabuwar ɗauka.

Akawu ya ce abin banza, ya karɓi wayarsa. Ya buga, manhaja ta buɗe yadda ta saba. Ya rufe ya sake bugawa, ta sake buɗewa. Sau bakwai. Ya ce tasa wayar ba irin ta Mai Agogo ba ce, ko kuma abin ya lalace bayan gwajin farko.

"Wayarka lafiyarta lau. Yatsanka ne ba ya zama. Na ce ka riƙe, kai kuma kana marinta."

"Na riƙe mana."

"Ka riƙe a zuciyarka. Kawo hannun."

Masu jiran shiga kotu a safiyar nan sun ga abin da ba su saba gani ba: tsofaffi biyu sun haɗa kai a kan waya, ɗaya ya kama yatsan ɗaya ya danne a gilashi kamar mai sa wa wani dangwale a takarda. Akawu ya ji yatsansa yana fizgewa da kansa, ya ji bayan hannunsa yana jiran rula. Mai Agogo bai sake shi ba. Wayar ta ɗan girgiza, jerin ya fito.

Ya ɗauke shi kwana biyu kafin ya iya shi kaɗai. Tsakanin masu takarda yakan zaro waya ya gwada, yana ƙirga ɗaya, biyu a ransa. Da ya fara iyawa kuma sai ya zarce. Ya riƙe ya daɗe, hannunsa ya goce, hoton manhajar ya bi yatsansa ya faɗa wani shafi, suka yi kusan rabin awa suna nema, Mai Agogo yana cewa mutumin da bai iya tsayawa ba yau ga shi bai iya tashi ba. Amma kuskuren ya yi rana. Da suka ga hoto yana bin yatsa, Mai Agogo ya tuna cewa a irin wayar Akawu ana iya kama layin da ke cikin jerin shi ma a ja shi waje. Suka ja sabuwar ɗauka suka ajiye ta a fuskar farko, a ƙasa ta dama, inda babban yatsa ke sauka. Suka mayar da buɗe wayar da zanen yatsa maimakon lamba. Mai Agogo ya sake ɗauko agogon awo. Daga aljihu zuwa ɗauka, sakan uku.

Akawu ya ce da an bar shi da bugunsa tun farko ai da an huta, tunda yanzu taɓawa ɗaya ce. Mai Agogo ya ce gaskiya ne, sai dai ba a kai ga taɓawa ɗayar ba sai da aka riƙe.

Daga Laraba zuwa Lahadi ya ɗauki guda goma sha ɗaya. Da ya ga leɓen Malama ya motsa, hannu ya shiga aljihu, yatsa ya sauka, wayar tana ɓoye a gefen cinyarsa. Bai saurare su ba. Yana wurin aka yi, ya san abin da ke ciki. Ranar Asabar ya so ya kunna wa Auta, sai ya fasa, ya ce gara ta ji a gaban likita.

Litinin da safe, saura kwana ɗaya, ya ajiye wayar a kan akwatin gilashin Mai Agogo ya ce ya saurara ya ji aikin hannunsa. Mai Agogo ya kai ta kunne yadda yake kai agogo, ido a rufe.

A na farko an ji ƙarar fanka, sannan muryar Malama, siririya, tana cewa ru, ru. Sai muryar Akawu ta shigo da ƙarfinta: ruwa, ruwa kike so, ga shi nan, sannu. A na biyu ta ce ta, ya ce taga, a buɗe taga ko, to an buɗe. A na uku ta ce sha, ta ja numfashi za ta ci gaba, ya ce shayi, ai ga shi a gabanki, sha abinki tun da zafi. Haka har goma sha ɗaya. Guda huɗu daga ciki na shayin safe ne, duk iri ɗaya.

Mai Agogo ya ajiye wayar a hankali. Bai yi dariya ba, shi da ba ya barin dama ta wuce.

"Akawu, na ji ka sau goma sha ɗaya. Muryarka ta fita sosai."

Akawu ya buɗe baki zai ce ai ya san abin da take nufi, sai ya rufe. Ya ɗauki wayar ya sake kunna na uku, ya sake, ya sake. A karo na uku ya ji abin da bai ji ba yana tsaye a gabanta: bayan ya gama magana akwai wani ɗan sauti, numfashin da aka ja don a yi magana aka sauke shi ba a yi ba. Wani mutum ya zauna a benci da maganar ɓatan katinsa. Akawu ya ce masa ya yi haƙuri ya je shagon kwamfuta, ya rufe tafireta tun ƙarfe goma ya tafi gida.

Ranar bai ɗauki komai ba. Ya zauna kusa da ita a bakin taga, ya ba furanni ruwa, ya yanke mata farce. Sau biyu leɓenta ya motsa, sau biyu kalmar ta riga ta fita daga bakinsa kafin ya tuna. A na biyun ya bugi cinyarsa da tafin hannu, Malama ta ɗaga gira ta dube shi.

Talata ƙarfe bakwai na safe ya haɗa shayi. Ganin likita ƙarfe tara ne, Auta za ta same su a can. Ya ajiye wa Malama kofinta a kan ɗan teburin bakin taga, ya tsaya yana gyara wuyan riga. Ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Leɓenta ya motsa.

"Sha," ta ce.

Hannunsa ya shiga aljihu, yatsa ya sauka a ƙasa ta dama. Kalmar ta taso masa har kan harshe, a shirye, kamar kullum. Bai san abin da zai yi da ita ba, sai ya matse wayar a tafinsa, ya danne babban yatsa a gefenta, ya fara ƙirga yadda ya yi kwana biyu yana ƙirgawa a baranda. Ɗaya, biyu. Ya kai goma. Fanka tana juyawa, wata mota ta wuce a titi. Malama tana kallon kofin, jijiyar wuyanta ta tashi. Ya kai ashirin. A duk rayuwarsa bai taɓa tsayawa a gaban mutum haka ba, yana ganin zance a fili ya bar shi a ƙasa. Ta ɗago ta dube shi, kamar mai son tabbatarwa cewa da gaske ba zai shigo ba.

"Shayin nan," ta ce. Ta huta. "Akawu." Ta sake hutawa, ta daɗe. "Sukari. Ya yi yawa."

Ya tsaya yana kallonta. Ta tura kofin gaba da bayan yatsu, yadda take tura littafin yaron da bai yi aikin gida daidai ba.

"Wata uku," ta ce.

Akawu ya zauna a hannun kujera. Ya manta bai tsayar da ɗaukar ba, shi ya sa ƙarshenta ya ƙunshi wani sauti da shi yake cewa tari ne, Auta kuma take cewa ba tari ba ne.

A ɗakin likita an kunna sau biyu. Tsawonta minti ɗaya da sakan hamsin, fiye da rabi shiru ne. Likita ta saurara hannu a haɓa, ba ta tsallake shirun ba. Auta ta rufe baki da gefen mayafinta, tana dariya hawaye na zuba, ta ce ai Mama ta daina shan sukari tun ita tana sakandare, kowa a gidan ya sani. Akawu ya ce ba kowa ba. Malama tana zaune a miƙe, jaka a cinya, tana kallon bango kamar ba da ita ake ba.

Likita ta jawo katin Malama ta rubuta Talata mai zuwa, da wadda ke bin ta, har ƙarshen wata uku. Ta tattara katunan hotuna ta sa a aljihun tebur, ta ce ta ga alama ba za a sake buƙatarsu ba, za su riƙa hira ne kawai. Sannan ta juya ga Akawu ta ce shi ma akwai aikin gida: idan Malama ta fara magana, ya ƙirga talatin kafin ya buɗe baki. Ya ce ya riga ya kai arba'in da safen nan. Ta ce to ya riƙe arba'in ɗin.

Da ya koma baranda ranar Laraba, Mai Agogo bai tambaye shi komai ba sai da ya gama goge tafireta ya sa takarda. Akawu ya ba shi labari tun daga farko, har da abin da likita ta ce da yadda Auta ta ba shi haƙuri a tashar bas. Mai Agogo ya saurara har ƙarshe, ya mayar da gilashinsa ido, ya ce shi abin da ya fi ba shi mamaki a ciki, yadda mutum zai shekara talatin da takwas a gida ɗaya da kofi bai san abin da ke cikinsa ba.

Yanzu fuskar farko ta wayar Akawu tana da yanke guda huɗu, duk shi ya ja su da kansa: sabuwar ɗauka, kiran Auta, saƙo ga babban ɗa, da ƙararrawar shan magani. Yakan nuna wa masu takarda ko ba su tambaya ba, ya kama yatsansu ya danne yana cewa su riƙe, kada su yi gaggawa. Har yanzu yana ƙarasa musu zance. Mai Agogo ya ce wannan sai dai a haƙura, amma ya auna, ya ga an samu ƙarin sakan biyar zuwa shida kafin ya shigo.

Washegarin ganin likita Akawu ya haɗa wa Malama shayi babu sukari ko ƙwaya. Ya ajiye a bakin taga, ya ja baya, ya harɗe hannu a ƙirji. Ta kurɓa. Ta ajiye. Leɓenta ya motsa, shi kuma ya fara ƙirga a ransa, yana da tabbacin yabo ne ke tafe, har ya san kalmomin da za ta yi amfani da su. Ya haɗiye su. A kan talatin da huɗu ta ɗago kai.

"Rabin cokali," ta ce.

Ya ɗauki kofin ya koma kicin.